Furar da Na Sha a Bakin Tafki

Kurkunu ya taɓa kwantar da ni damina guda cur. Da wannan zan fara, don in ba a san shi ba, ba za a gane abin da ya same ni a daji daga baya ba. Tsutsa uku suka fito mini, biyu a ƙafar dama, ɗaya a bayan gwiwar hagu, ana tsakiyar noman farko. Ina kwance a rumfa ina jin maza suna wucewa da hauya a kafaɗa, gonata kuwa ciyawa ta rufe gero har ba a gane layin shuka. A shekarar nan daga rumbun yayana muka ci, ni da matata da ƴaƴa uku. Bai taɓa yi mini gori ba. Amma kowace safiya matata ce take ɗaukar ƙwarya ta zagaya darni zuwa gidansa, ina kallonta ta tafi, ina kallonta ta dawo. Na yi wa kaina alkawari cewa ba za a sake ba.

Bayan na warke, majon gidan likita na garin Dogo, wato babban ma'aikacin jinya, ya zo ƙauyenmu. Ya ɗebo ruwan tafkinmu a kwalba, ya ɗaga shi a rana, ya nuna mana waɗansu ƙananan halittu farare suna tsalle a ciki, da ƙyar ido yake kama su. Ya ce ƙwayar kurkunu a cikinsu take, wanda ya haɗiye su bana, baɗi war haka tsutsa za ta fito masa. Ya raba wa kowane gida farin ƙyalle mai ƙananan idanu, da zare a baki na ɗaurewa. Mutane da yawa sun yi dariya. Ni ban yi ba. Lakwal, wato boko, aji huɗu kawai na yi, amma abin da aka nuna mini da idona ba na musunsa. Na roƙi ƙyalle na biyu don tafiya, aka ba ni.

Ga yadda nake yi, kuma ban taɓa sauya jerin ba. A ɗebi ruwa a ajiye shi ya kwanta. A ɗaure ƙyalle a bakin gora, gefen da ke da alama yana sama. A zuba a hankali. A kwance ƙyallen, a matsa nesa da gorar, a kifa shi a ɗauraye da ruwan da aka riga aka tace. A shanya, a ninke, a mayar bakin jaka. Shekara biyu ina haka, a gida da gona da kasuwa, ƙafata lafiya lau.

Da aka gama girbi a shekara ta biyun, Kawu ya ce za a shiga daji kwana uku. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, tsohon maharbi, bindigarsa irin ta maƙera wadda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba ƙarafa, a sake danna tsumma. Na ukunmu ɗansa ne, taubashina, sa'ana, mutum mai yawan wasa. Tun da na fara yawo da ƙyalle ya daina kirana da sunana, sai Likita. Kowannenmu ya ɗauki bido, wato jarka, ɗaya na ruwan rijiya, da curin fura a jaka, da gishiri. Ni na ƙara da ƙyallena, da ƙaramar butar shayi, da alimeti, wato ashana.

Daminar ta ɗauke da wuri, ƙananan tafkuna duk sun ƙafe, ga zafin kaka mai nauyi, sanyi bai sauko ba tukuna. Mun dogara da wata rijiyar makiyaya da Kawu ya sani, wadda za mu isa a safiyar kwana na biyu. Mun isa, amma ruwa ya yi ƙasa. Igiyar gugarmu ta kasa da gaba biyu. Muka ƙulla rawanin Kawu da ɗamarar taubashi, duk da haka guga ta dawo a bushe, kuma babu makiyayi ko ɗaya a kusa da za a ari igiyarsa. Da sauran ruwan bido taubashi ya dama fura a gorarsa, ina tsaye ina kallo. Muka sha, ya rage kaɗan mai kauri a ƙasan gorar, ya toshe ya rataya. Kawu ya ce akwai tafki ɗaya da ba ya ƙafewa sai tsakiyar ɗari, tafiyar rabin yini, kuma yanzu duk naman dajin wajen can yake sha. Muka kama hanya. A kan hanya ya harbi zabuwa, na ajiye jakata na zagaya cikin sabara na ɗauko ta.

Rana ta take tsaka muka iso. Tafkin yana cikin kwari, kaba ta kewaye shi, ruwan kore-kore, bakinsa duk sawun dabbobi. Kawu da taubashi suka durƙusa suka sha da hannu, suka wanke fuska. Ni na ciro butar shayi na ɗebi ruwa na ajiye ya kwanta, na buɗe jaka. Babu ƙyalle. Na zazzage jakar a ƙasa, na mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Babu.

Na ce, "Kawu, farin ƙyallen da ke bakin jakata fa?"

Ya ce, "Farin nan? Tsummana ne ya ƙare. Rabinsa ya tafi da zabuwar da ka ɗauko, wani yana cikin bindiga. Ga saura."

Ya sa hannu aljihu ya ciro guntaye biyu, kowane faɗin yatsa uku, sun yi baƙi da albarushi da man bindiga, zare yana warwarewa ta kowane gefe.

Taubashi ya kama ciki yana dariya ba sauti. Ya ce, "Likita, sannu. An harba maka gidan likita sama gaba ɗaya."

Na juya wajen Kawu. Na ce, "Kawu, da shi nake tace ruwa."

Ya ce, "Na ɗauka na goge tabarau ne, ko na majina. To sha mana. Tun kafin a haife ka nake shan tafkin nan."

"Sau nawa kurkunu ya kama ka, Kawu?"

"Sau huɗu. Ga ni kuwa a tsaye. Ɗan nan, kurkunu a jiki yake, da shi ake haihuwar mutum. Damina ce take tayar da shi. Ruwan Allah bai yi maka laifin komai ba."

Ba a jayayya da Kawu a daji. A gida ma ba a yi, balle nan da shi ne ya san hanya. Na zauna na jera abin da ya rage mini.

Na fara da riga. Na tuɓe ta na ɗaga a rana. Tsohuwa ce, wanki ya cinye ta, ina ganin haske ta idanunta kamar rariya. Ko na ninka ta huɗu ban yarda da ita ba. Rawanin Kawu ya fi ta buɗewa.

Sai tafasawa. Na ciro alimeti. Kafin in buɗe kwalin Kawu ya ɗora hannunsa a kan nawa.

Dokarsa a bakin ruwa na san ta tun ina ƙarami: ba wuta, ba taba, ba magana da ƙarfi, ba tsayuwa a fili. Naman daji yana jin ƙaurin hayaƙi daga nesa, in ya ji sau ɗaya sai ya yi kwanaki bai zo ba. Ga kuma masu gadin daji, waɗanda hayaƙi ne yake nuna musu inda maharba suke.

Ya ce, "Mun yi tafiyar kwana biyu don yammacin nan. In ka ƙyasta, ka tashi ka koma gida kai kaɗai, kuma kada ka sake bina."

Na ce, "Butar shayi ɗaya ce, Kawu. Itace uku."

"Ko tsinke ɗaya."

Na mayar da alimeti aljihu. Komawa gida kuwa ba magana ba ce, yini da rabi ne ba ruwa a hanya.

Saura abu ɗaya. Majo ya taɓa cewa ruwan da ya ratso ta cikin rairayi ba ya ɗauko halittun nan. A gabashin tafkin akwai gefe mai rairayi a bayan kaba, inda ba za a gan ni daga bakin ruwa ba. Na nemi izini, Kawu ya ɗaga kai ya ce in yi a durƙushe. Na auna taki biyar daga ruwa, na fara tono da wuƙa da murfin buta.

Tun hantsi rabona da abin sha. Harshena ya yi kauri, yawu ya zama kamar danƙo. Na tona kamu ɗaya, rairayi busasshe. Na tona na biyu, ya fara sanyi, ya fara duhu. Da azahar ta yi na je bakin tafki na yi alwala, na tsallake kurkurar baki, na wanke fuska leɓena a rufe gam. Ruwa yana gangarowa ta gefen bakina, na goge da hannu. Muka yi salla a bayan tudu, na koma ramina.

Da hannuna ya shige har kafaɗa sai na taɓa laka mai danshi. Na tsaya na jira. Ba abin da ya taru. Gefen ramin yana zubowa, ina kwashewa. Na lura gumi ya daina fito mini, kaina yana sara daga ƙeya zuwa ido, in na ɗaga kai kabar da ke gabana sai ta rabu biyu. Na san wannan alama, na taɓa ganin an ɗauko mutum daga gona da ita. Butar shayi tana nan gefena cike da ruwan tafki, ya kwanta, samansa ya yi garau. Na ɗauke ta na zubar, don kada hannuna ya riga hankalina.

Wajen la'asar taubashi ya rarrafo inda nake, gorar fura a hannunsa. Wannan karon ba ya dariya.

Ya ce a hankali, "Likita, idonka ya faɗa. In ka mutu a nan, ni za a sa in ɗauke ka, kuma ka san ka fi buhun gero nauyi. Karɓi."

Na ce, "Ta safe ce?"

"Ta safe ce. Wadda na dama a gabanka."

Na karɓa na kafa baki. Ban sauke ba sai da na yi maƙwarwa bakwai ko takwas. Da na sauke ne hankalina ya dawo. Furar da ta rage da safe ba ta fi ludayi biyu ba, kuma mai kauri ce. Wannan kuwa tsararo ce, gorar har yanzu da nauyi, kuma a bayan tsamin akwai warin laka.

Na ce, "Ka ƙara mata ruwa."

Ya ce, "Kaɗan. Ta daskare, ba ta zubowa."

"Daga ina?"

Ya nuna tafkin da haɓa. Ya ga fuskata, ya ce, "Haba Likita, fura ce fa, ba ruwa ba. Ga tsami, ga barkono, ga citta. Wace tsutsa ce za ta rayu a ciki? Ko matarka ba ta tace fura."

"Tana tace ruwan kafin ta dama."

Ba mugunta ya yi ba. Har ransa haka ya ɗauka, kuma rabin ƙauyenmu haka suka ɗauka: ruwan sha daban, ruwan damu daban.

Na juya na sa yatsa a maƙogwaro. Kawu ya yi mana tsaki daga maɓoyarsa, ya ɗaga hannu. Garken zabi ne ya sauko ta yamma, bayansu gada biyu. Na danne bakina da hannu na kwanta a ƙasa. Mun daɗe a haka, ina jin furar tana sauka cikina. Da bindiga ta tashi na miƙe na yi ta ƙoƙarin amai, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Jiki ya riga ya shanye. Na leƙa ramina, ruwa ya taru a ƙasansa kamar yatsa huɗu, fari tas. Na cika buta na sha, na sake cikawa, na cika bidona. Kawu ya sami gada ɗaya da zabi uku. Ya ce yanzu in ina so in hura wuta har ta kai sama.

Da muka dawo gida ban huta ba, na tafi Dogo. Majo ya saurare ni har na gama. Ya ce tsami da yaji ba sa kashe halittun ruwan nan take. Ya ce babu ƙwaya ko allurar da za ta hana, in tsutsar ta shiga ta shiga. Mai yiwuwa tafkin babu ita, tunda nesa yake da gari, mai yiwuwa kuma wani makiyayi mai ciwon ya taɓa tsoma ƙafarsa a ciki. Sai dai a jira wata goma zuwa shekara da ɗoriya. Ya ba ni sabon ƙyalle.

Na ƙirga watannin a hanya. In tsutsar za ta fito da wuri, tsakiyar damina ce, lokacin maimai, wato noma na biyu. Na gaya wa matata a ranar. Ta ajiye muciya ta dube ni, ta ce, "To yaya za a yi?" Na ce za a yi komai kafin lokacinsa.

Na yi sharar gona tun sanyi bai wuce ba, mutane suna tambaya ko na ga hadari ne. Na kai taki da jaki, na baza. Na kai hauya biyu maƙera aka yi musu baki. Da bazara ta yi nisa na yi binne, na shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Yayana ya ce in aka yi yayyafi kaɗan aka ɗauke, iri zai ruɓe, in yi ta biyu. Na ce na sani. Kwana goma sha ɗaya irin yana ƙasa ina duban gabas. Ruwan farko da ya zo mai ƙarfi ne, ƙasa ta sha sosai. Ranar da maƙwabta suka fita shuka, gerona ya riga ya tsaga ƙasa.

Duk watannin nan, kowace safiya bayan salla, nakan zauna a bakin ɗaki in duba ƙafafuna: tafin ƙafa, idon sawu, ƙwauri, bayan gwiwa, dama sannan hagu. Sau biyu na ji ƙullutu na kasa karyawa. Na farko ƙaya ce ta karye a ciki, na biyu maruru. Taubashi ya zo gidana sau da yawa, muna gaisawa, amma ban ba shi fuskar wasa ba, shi ma ya daina cewa Likita. Mahaifiyata ta aiko a gaya mini ba a fushi da taubashi. Na ce ba fushi nake ba, aiki ne a gabana.

Na gama noman farko kwana tara kafin kowa. Ban jira ba, ciyawa tana sake ɗagowa na shiga maimai. Gonar na raba ta gida shida a kaina, kowane yanki yini biyu. Na gama na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu na tashi da zazzaɓi da tashin zuciya, jikina ya yi ta ƙaiƙayi. Na sha ruwa na fita. A na biyar na ji wata igiya siririya a ƙarƙashin fata, sama da idon sawun hagu, tana motsi in na danna. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗaure wurin da tsumma, na riƙa fita tun ana ganin layi da ƙyar, in dawo sai magariba.

Ranar da na shiga yanki na shida bororo ya taso, kamar an ɗora garwashi. Mai wannan ciwo ba abin da yake so kamar ya tsoma ƙafa a ruwa, kuma ga kududdufi a ƙasan gonata. Ban je ba, don ta haka ake zuba wa mutane ƙwayar. Na aika aka kawo mini ruwa a daro, na tsoma, bororon ya fashe, farin kan tsutsar ya leƙo. Na sa matata ta kai ruwan can kan tudu ta zubar a rairayi. Na ɗauki hauya na yi layi huɗu ina jan ƙafa. A na biyar ƙafar ta ƙi ɗaukata, na zauna a tsakiyar gero.

Ina nan zaune na hango mutum yana tahowa ta kan iyaka da hauya a kafaɗa. Taubashi ne. Matata ce ta biya ta gidansu. Shi da Kawu, da suka sha tafkin da hannu biyu, ba abin da ya same su a shekarar.

Ya tsaya a kaina ya dubi ƙafar. Ya ce, "Ita ce?"

Na ce, "Ita ce."

Sannan ya ce, "Daga ina ka tsaya?"

Na nuna masa. Na ce ya bi layi daga gabas, kada ya tsallake gindin gawo, can ciyawa ta fi yawa, kuma ya cire da hannu inda ta manne da gero.

Ya ce, "Kana zaune a ƙasa ma sai ka ba da oda. To, Likita, na ji."

Yini ɗaya da rabi ya yi ya gama yankin. Ni aka ɗora ni a jaki aka kai ni gida. Tsutsa ɗaya ce wannan karon. Kullum da safe ina naɗe abin da ya fito a tsinke, kaɗan-kaɗan, ba ja, don in ta tsinke a ciki ƙafa kumbura take yi. Kwana arba'in da ɗaya ta ɗauka. A cikin kwanakin nan gero ya yi bununi, ya yi ido, ba ciyawar da ta taɓa shi, tunda aikinsa ya riga ya ƙare. Da lokacin girbi ya zo ina iya tsayuwa da sanda. Na yanka abin da na iya, matata da yayana da taubashi suka yi saura. Ni na tsaya a bakin rumbuna ina karɓar dami ina jerawa, har ya kai inda yake kaiwa a shekara mai kyau, na sa aka ɗora masa hula.